Yadda muka bi da ƙullutun da aka haifi 'yata da shi a ƙeya, tun daga sikanin har tiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka sallamo mu daga asibiti mata ke ta zuwa min da tambaya, wata ƙanwarta ce aka ce an ga ruwa a kan jaririn da ke cikinta, wata maƙwabciyarta ce ta haifi yaro da ƙullutu a gadon baya, tambayar dai ɗaya ce, ina za a fara, wa za a gani, kuma yaron zai rayu kuwa. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta yadda namu ya kasance daki-daki. Ni ba likita ba ce, uwa ce kawai, amma abin da likitocin suka gaya min na riƙe shi da kyau, don a lokacin duk maganar da ta fito daga bakinsu sai na sa an maimaita min har na gane.

Cikina na uku ne, biyun farko lafiya lau na haife su ba wata matsala. Na fara zuwa awo a ƙaramin asibitin unguwarmu ciki ya shiga wata huɗu kamar yadda yawancinmu muke yi, aka yankar min kati, aka ɗebi jini da fitsari, aka bani fasolet da ɗan mitsitsin maganin nan rawaya wato folik asid. Ba abin da nake ji daban da sauran cikkunan, laulayi ma ya fi sauƙi a wannan. Ciki na sati 21 nas ta rubuta min sikanin. Mai sikanin ɗin ya ɗora abin a cikina yana ta hira yana nuna min ƙafa da hannu, can sai naji hirar ta tsaya, ya koma wuri ɗaya yana ta juya abin, ya danna ya sake dannawa, sai yace "Hajiya da wa kika zo?" Nace ni kaɗai ce. Yace akwai wani abu da ya gani a bayan kan jaririn, shi ba zai yanke hukunci ba, zai rubuta min takarda in kai babban asibitin koyarwa a sake dubawa, kuma in tafi da maigidana. Wallahi har yau ina yi wa mutumin nan addu'a, don bai ɓoye min ba kuma bai firgita ni da abin da bai tabbatar ba.

A asibitin koyarwa sai ka buɗe sabon fayil, ka biya, a baka ranar ganin likitan mata, shi kuma ya sake rubuta wani sikanin ɗin wanda ake zama a duba jariri gaɓa-gaɓa. Wannan sikanin ɗin tsakanin sati 18 zuwa 22 aka fi so a yi shi, kuma ba irin na minti biyar ɗin nan ba ne da ake cewa mace ce ko namiji. An daɗe a kaina sosai. Da aka gama likitar ta zaunar da mu ta juyo mana da allon, tace ƙashin kan yarinyar bai haɗe ba ta ƙeya, akwai 'yar ƙofa, to ta nan ne rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ta turo waje ta yi jaka, cike da ruwan ƙwaƙwalwa, kuma da alama akwai ɗan nama kaɗan a ciki. Sunansa a wajensu ensefalosil. Maigidana yace "likita za ta rayu?" Tace amsar tana ga abubuwa uku, yawan ƙwaƙwalwar da ta fito cikin jakar, ko ruwa zai taru a cikin kan, da kuma ko akwai wata matsalar a sauran jiki. Ta nuna mana ɗakunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, tace ana auna faɗinsu, in ya kai milimita 10 ko ya wuce to an fara sa ido, namu a lokacin yana bakin iyaka. Ta duba ƙoda, ta ƙirga yatsu, ta duba zuciya da ƙashin baya. Sai ta tambaye mu ko auren zumunci ne, muka ce eh, 'ya'yan wa da ƙanwa ne mu. Tace dalilin tambayar akwai wata cuta ta gado da ake samun irin wannan jakar tare da kumburarrun ƙoda da shiddaniya, wadda ita jarirai ba sa rayuwa da ita, kuma ta fi fitowa inda iyaye 'yan uwan juna ne, amma Alhamdulillah ƙodar yarinyarmu lafiya yatsunta biyar-biyar.

Ni abin da ya fi damuna a ranar shi ne me na yi. Na tambaye ta kai tsaye, nace likita ko faɗuwar da na yi a banɗaki ciki na wata uku ce, ko wani abu na ci. Sai ta ɗauki takarda ta naɗe ta kamar yadda ake naɗe tabarma, tace haka ƙwaƙwalwa da laka suke farawa, shimfiɗaɗɗen abu ne da yake naɗewa gefe da gefe su haɗe, kuma wannan haɗewar tana gamawa ne cikin kwana 28 na farko da shigar ciki. Kwana 28 fa. Lokacin da mace ma ba ta gama tabbatar da ɓatan watanta ba. In wajen bai rufe ba ta can ƙasa a gadon baya, shi ne yaran da ake haifa da ƙullutu ko buɗaɗɗen ciwo a baya, sifaina bifida, wanda yake taɓa ƙafafu da riƙe fitsari da bayan gida, kuma yawancinsu ruwa yana taruwa a kansu. In saman ne gaba ɗaya bai rufe ba, jaririn ba ya samun ƙoƙon kai da yawancin ƙwaƙwalwa, wannan ba ya rayuwa, ko dai ya zo ba rai ko ya koma cikin awanni ko 'yan kwanaki. Namu kuma 'yar ƙofa ce ta rage a ƙashin kai. Tace don haka faɗuwar wata uku ba ruwanta, abin ya riga ya faru tun kafin nan.

Ta lissafa mana abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin. Ƙarancin folik asid a jikin uwa a daidai wannan lokacin na farko shi ne babba, sai ciwon suga da ba a daidaita shi ba kafin ɗaukar ciki, sai wasu magungunan farfaɗiya musamman wanda ake kira balfurowet, sai zazzaɓi mai zafi sosai a makonnin farko, sai ƙiba mai yawa, sai kuma gado. Tace akwai wasu matsalolin ƙwaƙwalwar jarirai da su kuma ƙwayar cuta ce ke kawo su in ta kama uwa tana da ciki, kamar rubela, ko Zika da ta sa aka yi ta haifar yara masu ƙananan kawuna a Burazil a 2015 da 2016. Kuma sau da yawa a bincika a rasa takamaiman dalili. Ni ba suga, ba farfaɗiya.

A gida kuwa wata duniyar ce daban. Mun so mu yi shiru amma ba a ɓoye wa iyaye irin wannan. Hajiya surukata da taji sai ta kama salati, tace "'yar nan ai sai da na ce miki mai ciki ba ta fita da magariba, ba ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida ba bismillah." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta taso ta ji kenan, kuma ita ce daga baya ta sayar da awakinta ta kawo kuɗin. Amma maganar tana da ciwo in kece mai cikin. Wata gwaggo tace na'urar bature ƙarya take yi, an sha cewa kaza a haifi yaro garau. Wata kuma can gefe ana ta raɗe-raɗin ɗan ruwa da musayar aljanu. Maigidana ne ya tsaya, Allah ya saka masa, yace "Hajiya addu'a za mu yi, rubutu ma in an kawo za ta sha, amma asibiti ba fashi, likita tace tun kafin mu san da cikin abin ya faru." Daga ranar ba wanda ya sake ɗora min laifi a gabansa. Ina faɗa wa mazan da za su karanta wannan, kalma ɗaya daga bakinku a gaban danginku ta fi duk bayanin da matar za ta yi.

Sauran watannin cikin sai suka zama na zirga-zirga. Aka mayar da awona can babban asibitin gaba ɗaya, lokaci-lokaci a sake sikanin a auna jakar da ɗakunan ruwan da girman jaririyar. Abin da ya fi amfanar mu shi ne haɗa mu da aka yi da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa tun kafin haihuwa. Irin waɗannan likitocin ba su da yawa, a arewa sai manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, shi ya sa in an ga irin wannan a sikanin gara tun da wuri a nemi takardar turawa zuwa inda suke, kar a jira sai naƙuda. Shi likitan ba ya da yawan magana. Ya duba hotunan yace ba zai yi mana alƙawarin komai ba sai ya ga yarinya da idonsa an yi mata hoto, amma abin da yake so shi ne a haife ta a nan inda yake, jakar ba ta fashe ba. Likitocin mata suka ce saboda girman jakar tiyata za a yi min, don a wajen naƙuda tana iya matsewa ta fashe, in ta fashe kuwa ƙwayoyin cuta sun samu hanya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, sanƙarau kenan. Ba kowace ake wa tiyata ba, ya danganta da girman abin da inda yake. Ni dai ban taɓa yin CS ba, wato haihuwa ta tiyata, ina tsoronsa ƙwarai, amma na sa hannu. Aka sa rana ciki na sati 38, aka ce mu kawo masu bada jini, ƙannen maigidana suka je aka ɗiba.

Ranar aikin allurar baya aka yi min, idona biyu. Naji kukanta, kuka mai ƙarfi, wata nas tace "Hajiya mace ce, barka", suka nuna min fuskarta a gurguje suka wuce da ita ɗakin jarirai. Sai washegari da na iya miƙewa aka tura ni a keke na je na ganta. Fuskarta sak ta yayarta. An kwantar da ita ta gefe, ga jakar nan a ƙeya, fata ta rufe ta har da ɗan gashi a gindin, amma can saman fatar ta yi siriri tana sheƙi, sun lulluɓe wajen da bandeji mai tsabta. Ba zan ce muku ban yi kuka ba. Amma abin da na daɗe ina zanawa a raina ya fi wanda na gani muni nesa ba kusa ba, yarinya ce sosai tana motsa hannu da ƙafa tana neman nono.

Nas ɗin ɗakin suka koya min yadda zan ɗauke ta, kan yana kan damtsena ta gefe, ba abin da zai danne jakar, kuma ba a kwantar da ita rigingine. Da farko tatsar nono nake ana bata da ɗan kofi, daga baya ta kama da kanta. Ga ciwon ɗinki ga zaman benci, wankan jego kuwa ba a ma maganarsa. Suna a gida aka yi ba ni ba jaririya, aka yanka rago aka raɗa suna aka aiko mana da nama asibiti. A ranar sunan ne wani dattijo cikin dangi ya kawo shawarar wai a karɓo yarinyar a kai wa wanzami ya yi mata sakiya, ruwa ne kawai ya tsiyaye shi kenan, me za a kashe kuɗi. Don Allah duk wanda aka ba shi irin wannan shawarar kar ya yarda. Abin da ke ciki ba mugunya ba ce irin ta maruru, ruwan ƙwaƙwalwa ne kuma a haɗe yake da cikin kan. A ɗakin da muke na ga jaririn da aka kawo daga ƙauye an riga an huda nasa an shafa magani, yana ta zazzaɓi da jijjiga, likitoci ba su ma iya taɓa shi da wuƙa ba sai da aka yi ta fama da allurai, uwarsa yarinya ƙarama ko ashirin ba ta kai ba. Ban san yadda suka ƙare ba don an canja mana ɗaki.

Sai batun hoto. Likitan ya rubuta MRI, yace shi ya fi nuna abin da ke cikin jakar da kuma manyan jijiyoyin jinin da ke wucewa ta ƙeya, don kar a je yanka a ci karo da su. Yana da tsada, kuma dole jariri ya kwanta ba motsi, sai da na shayar da ita ta ƙoshi aka naɗe ta ta yi barci sannan aka shiga da ita. Wasu CT ake yi musu in MRI bai samu ba. Sakamakon ya nuna yawancin abin ruwa ne, naman da ke ciki kaɗan ne. Likitan yace irin wannan naman da ya fito waje galibi ba ya aiki, cire shi ake yi, a ɗinke rigar ƙwaƙwalwar ruf yadda ruwa ba zai yoyo ba, sannan a rufe fata. Ya gaya mana haɗarin ba ɓoye-ɓoye, zubar jini, ƙwayar cuta, yoyon ruwa ta ɗinkin, maganin barci a jikin jariri ɗan kwanaki, har da mutuwa ya ambata. Kuma yace mu sani ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya shi ke kula da gani, don haka ko an yi nasara sai an bibiyi idonta. Maigidana ya sa hannu hannunsa na rawa. Aka sake neman jini, aka bamu dogon lissafin kayan aiki da magunguna mu sayo, aka ce in daina bata nono awa 4 kafin a shiga, wannan awannin tana kuka ina kuka su ne mafi tsawo a wajena, sun fi na zaman jiran a fito da ita.

Alhamdulillah aka fito lafiya. Kan a naɗe, ga robar ƙarin ruwa, ta kwana a ɗakin kulawa ta musamman, da ta farfaɗo sosai aka ce in gwada bata nono ta kama. Kullum da safe in sun zo zagaye sai sun duba ɗinkin ko yana jiƙewa, su taɓa maɗigarta, su zagaya kan da tef su rubuta. Da za a sallame mu likitan yace aiki bai ƙare ba fa, yara da yawa masu irin wannan bayan an rufe jakar sai ruwa ya fara taruwa a ciki, don haka in sayi tef irin na tela in riƙa auna kan duk sati a wuri ɗaya, ta saman gira zuwa inda ya fi tudu a baya, in rubuta a littafi. Yace jariri ana haifarsa da kai wajen santimita 33 zuwa 35, a watanni ukun farko yana ƙaruwa da kamar santimita 2 a wata, in na ga ya fi haka gudu in dawo ko ranar asibitinmu ba ta yi ba.

Haka kuwa aka yi. Tana wajen wata biyu na ga lambobin littafin suna tsalle, maɗigar da take lotsawa in tana zaune a hannuna sai ta cika ta yi tauri, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a fatar kan, ta fara amai bayan shan nono, idonta kuma ƙwayar tana yin ƙasa farin sama yana bayyana. Muka koma. Aka ɗora mata sikanin ta maɗiga, aka ga ɗakunan ruwan sun buɗe. Bayanin da aka yi mana shi ne ƙwaƙwalwa kullum cikin samar da wannan ruwan take, yana zagayawa jini ya shanye shi, in hanyar ta toshe sai ya taru ya riƙa danne ƙwaƙwalwar, a jariri kuma tunda ƙasusuwan kai ba su haɗe ba sai kan ya yi ta girma. Ba maganin sha da ke warkar da shi. Hanya biyu ce, ko a sa siririyar roba da ake kira shant daga cikin kan, ta bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji har cikin ciki inda jiki zai shanye ruwan, tana da ɗan bawul da ke daidaita gudunsa, ko kuma a shiga da 'yar kyamara a huda wata sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwar ba tare da roba ba. Ta biyun wani asibitin yara da ke Mbale a Yuganda ya yi suna a kanta, amma ba ko'ina ake da kayan ba kuma ba kowane yaro ta dace da shi ba, likitanmu yace a yanayin 'yata roba ce ta fi. Aka sa mata irin 'yar Indiya ɗin nan mai sauƙin kuɗi wadda ita aka fi sawa a asibitocinmu. Cikin 'yan kwanaki maɗigar ta sauka, aman ya tsaya, idon ya dawo daidai.

Zama da shant sai da lura. Tana iya toshewa, tana iya kamuwa da ƙwayar cuta musamman a watannin farko, kuma yara da dama sai an sake musu aikin, wasu tun a shekarar farko. Alamomin da aka ce in riƙe su ne amai, yawan barci ko wuyar tashi, kuka mara dalili, maɗiga ta kumbura, zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar robar, kumburin ciki, ko jijjiga. Matsalar ita ce rabin waɗannan alamomin a wajenmu sunansu maleriya ko haƙori. Akwai daren da ta yi zazzaɓi da amai, kowa a gidan yace a je kemis a karɓo maganin maleriya, muka ƙi, muka tafi asibitin cikin dare, suka gwada jini suka duba robar, ya zamana maleriyar ce da gaske, kuma likitan da ke bakin aiki yace haka ake so, yaro mai shant ba a yi masa cinta. Takardar da aka rubuta irin robar da ranar da aka sa ta kullum tana cikin jakata, duk asibitin da muka shiga ita nake fara miƙawa.

Yanzu ta shekara ɗaya da rabi. Ta yi jinkirin riƙe wuya, ta yi jinkirin zama, muna zuwa gashin ƙashi suna koya min motsa jikin da zan riƙa yi mata a gida safe da yamma, yanzu tana rarrafe tana kama kujera ta miƙe, tana cewa Baba da Mama, tana gane kowa a gidan har ta fi son yayanta namiji. Rigakafinta duk an yi mata kamar kowane yaro. Ido ɗaya yana ɗan karkacewa, likitan ido yana bibiya. Ban san iya inda za ta kai ba, likitocin ma sun ce sai a hankali za a gani, kuma na ga yaran da nasu ya fi namu sauƙi na ga waɗanda nasu ya fi tsanani sosai, don haka ba na ce wa kowace uwa nata zai zama kamar nawa. Kuɗi kam an kashe, filin maigidana ya tafi, 'yan uwa sun yi karo-karo, kuma akwai ofishin walwala a asibitin da ke taimaka wa marasa ƙarfi da wani abu in an je an yi bayani, mutane da yawa ba su san da shi ba.

Abin da har yanzu yake ci min rai shi ne maganar folik asid ɗin nan. Maganin da ya fi kowane araha a kemis. Tun 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila ya nuna matan da suka taɓa samun irin wannan cikin in suka sha shi kafin su sake ɗaukar wani haɗarin yana raguwa da kusan kashi 70 cikin 100, Amurka kuma tun 1998 ta wajabta zuba shi a garin fulawa da makamantansa. Mu kuma a ina ake bamu shi? A wajen awo, ciki na wata huɗu ko biyar, lokacin da wajen da ake so ya rufe ya daɗe da wucewa. Yana da amfaninsa a lokacin don ƙarin jini, amma don kare ƙwaƙwalwa da laka sai an fara kafin cikin ya shiga. Duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ana so ta riƙa shan maikurogiram 400 kullum, ganye irin su alayyafo da zogale da wake suna da shi amma ba a dogara da abinci kaɗai. Ana yi wa amarya gyaran jiki na wata guda, a kashe dubbai a kayan mata, a yi gwajin jinotayif da sauran su kafin ɗaurin aure, amma ba mai ce mata ga wannan ki fara sha. A ganina wajen gwajin auren nan ya kamata a riƙa faɗa, da islamiyyun matan aure, da bakin ungozomomi. Ni ƙannena mata biyu da aka aurar bana da hannuna na saya na saka musu a cikin kaya. Ba wai yana hana duka ba ne, akwai waɗanda za su faru ko an sha, amma yana rage da yawa.

Mu da muka taɓa haifar irin wannan yaron kuma adadin folik asid ɗin da za mu sha daban ne. Likitar tace haɗarin sake faruwa ya fi na sauran mata, wajen 2 zuwa 3 cikin 100, don haka in muna son wani cikin sai na fara shan babban, miligiram 5, wata uku kafin in ajiye tsarin iyali, in ci gaba har ciki ya cika sati 12, sannan in zo awo da wuri a yi sikanin ɗin gaɓa-gaɓa a kan lokaci. Saboda CS ɗin ma an ce in huta kamar shekara biyu. Yanzu dai abin da ke gabanmu shi ne ganin likitan ido wata mai zuwa, yace a nan zai yanke ko tabarau za a fara gwada mata ko rufe ido mai lafiyar na wasu awanni a rana don ɗayan ya yi ƙarfi.